Ranar da Na-Sani Ya Yi Sulhu da Dodo

Kowane layi da gwaninsa, amma namu Allah ya haɗa shi da gwanin da ya fi ƙarfinsa. Mai aski ne. Ni tela ne, bango ɗaya ya raba keken ɗinkina da kujerarsa, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi. Ana kiransa Na-Sani saboda ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ko kwatancen gida kake yi masa, kafin ka ce "sai ka sha kwana" ya ce, "Na sani." Bayan awa biyu zai kira ka daga wata unguwa yana faɗa, wai an canja hanyar.

A aski kam hannunsa yana da kyau, wannan ba mai ƙwace masa. Shekara goma sha ɗaya duk kawunan layin nan a hannunsa suke. Kwatsam wani ya buɗe shago a tsallaken titi, gabansa duk gilashi, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga kujeru masu juyawa har da kwanciya. Muka sa masa suna Mai Gilashi. Kafin wata ya zagayo, bencin Na-Sani ya zama wurin barcin kyanwa. Mutum ɗaya ne bai guje shi ba, wani tsohon soja da muke kira Kofur, shi ma kansa sanƙo ne tas, gashin baki kawai yake kawowa.

"Sanyi suka bi," in ji Na-Sani yana hararar tsallaken titi. "Su je su sha mura. Mutum nishaɗi yake nema a wurin aski, ni kuwa zan ba su abin da ko a mafarki ba su taɓa gani ba."

Dabarar ita ce wasan gem. Ƙanwar matarsa, wadda take aikin nas, tana da na'urar, kuma za ta tafi kwas na mako guda. Ran Litinin da safe ta kawo da kanta, ta jona ta da talabijin ɗin da ke saman madubi, ta miƙa masa rimot.

"Yaya, ka saurara," ta ce. "Wasan nan duniya ce guda. Akwai garuruwa, akwai dazuzzuka, akwai mayu, can ƙarshe akwai dodo mai aman wuta a kan dutse. Daɗinsa shi ne mutanen ciki ba sa mantuwa, duk abin da ka yi wa..."

"Na sani."

"Amma yana da cutarsa. Yana daɗewa wajen lodi, dokin ciki kuma ba shi da cikakken..."

"Na sani, na sani. Ke allura kika iya, ki bar wa maza yaƙi. Wata nawa kika yi kina fama da shi?"

"Huɗu. Ban ma hango dodon ba."

"To je ki kwas ɗinki. Ranar Asabar zan ajiye miki kansa."

Ta dube ni da tausayi. "Tela, kai ka iya Turanci. Don Allah ka riƙa karanta masa abin da suke faɗa."

"In ya bari," na ce.

Kafin a fara yaƙi, wasan yana ba ka dama ka ƙera jaruminka da kanka. A nan Na-Sani ya kashe rabin yini. Aski kala arba'in, gemu kala talatin, kowanne sai ya gwada ya matso da fuska kusa da talabijin ya duba layin ƙeya.

"Wanda ya tsara wasan nan ɗan gidan masu aski ne," ya ce. "Dubi saje! Amma wannan gefen ya ɗan hau, da ni ne da na gyara."

Daga nan aka ba shi maki ashirin ya raba wa jarumin tsakanin ƙarfi, gudu, tsafi da iya magana.

"Zuba a ƙarfi," in ji Kofur. "Ka rage kaɗan na gudu. Ni da ka gan ni a raye, gudu ne ya yi rabin aikin."

"Ƙarfi na jaki ne, Kofur. Ba ka ji an ce baki shi ke yanka wuya ba?"

"Wuyan mai shi yake yankawa."

Na-Sani ya kwashe duka ashirin ɗin ya zuba a iya magana. Jarumi ya fito da gemu kamar na ango, hannuwa kamar tsinken tsintsiya.

Aka sauke shi a wani ƙauye mai kyau, ga rafi, ga gonaki, har inuwar ganye tana motsi a ƙasa. Wata tsohuwa ta tare shi ta fara bayani, rubutu ya cika talabijin. Na buɗe baki zan karanta, ya danna ya wuce. Ta sake, ya sake dannawa. Sai ga wata kaza tana kiwo a bakin rijiya.

"Bari in shafa ta, ku ga yadda jarumi yake da tausayi," ya ce.

Ya danna madannin da ba shi ba. Takobi ya yi walƙiya, gashin kaza ya tashi sama.

Ban taɓa ganin haɗin kai irin na ƙauyen nan ba. Maƙeri ya fito da guduma, manoma da fartanya, mai gadi da mashi. Jarumi ya juya zai gudu, amma ba a zuba masa ko maki ɗaya a ƙafa ba. Tsohuwar da ya ƙi saurara ce ta fara cim masa, da tsintsiya ta gama da shi. Talabijin ya yi baƙi, wata 'yar ƙawanya ta fara juyawa a kusurwa. Lodin da aka faɗa ke nan, minti uku muna kallonta.

"Gwaji na yi," in ji Na-Sani. "Dole sabon shiga ya auna ƙarfin gari."

"Ka auna kuwa," in ji Kofur.

Dariyar Kofur ce ta jawo Mai Walda daga shagonsa, shi kuma ya kira yaran kanti, wato manyan samarin da ke sauke kaya. Kafin a tashi ranar, benci ya cika.

Ran Talata Na-Sani ya gano cewa ana iya ɗaukar duk abin da aka gani. Ya bi gidajen mutane yana kwasa: cokula, tukwane, kyandir, kabeji. Can sai jarumi ya fara tafiya kamar mai tsohon ciki.

"An rubuta kayanka sun yi nauyi," na ce da sauri kafin ya danna. "Sai ka zubar da wasu."

"Na sani." Ya duba jerin kayan, ya nemo wanda ya fi kowanne nauyi, ya jefa a rafi.

"Takobinka ke nan ka jefar," in ji Mai Walda.

"Ya tsufa. Akwai mafi kyau a gaba."

Ya rage da kabeji arba'in da ɗaya da wani ludayin ƙarfe. Don ya huta da tafiyar ƙasa, ya yi wa dokinsa fito. Muka duba gabas, muka duba yamma, babu doki. Wani daga baya ya ce, "Ku dubi sama!" Ga doki a kan rufin masauki, yana tsaye yana kaɗa wutsiya kamar a nan aka haife shi.

"Dokin yaƙi ne," in ji Na-Sani. "Leƙen asiri yake yi."

Ya sake fito. Wannan karon dokin ya bayyana a cikin bango, kai a ɗakin girki, gindi a titi. Mai Walda ya faɗo daga kan benci.

Amma kada in zalunci wasan. A ranar ce jarumi ya hau wani tudu daidai lokacin da ranar cikin wasan take faɗuwa a bayan tafki. Ruwa ya yi ja, tsuntsaye suka tashi, wani kiɗa mai sanyi ya shigo a hankali. Shago ya yi tsit, har masu cin gyaɗa suka daina tauna. Kofur ya ce a ƙasa-ƙasa ya taɓa tsayawa a wuri irin wannan da wani abokinsa wanda bai dawo gida ba. Ya sa hannu zai share ido, sai ƙasa ta haɗiye jarumin. Babu rami, babu komai, kawai ya zurma ta cikin ciyawa yana faɗawa cikin wani farin fili marar iyaka, gemunsa na kaɗawa. 'Yar ƙawanya ta dawo tana juyawa.

"Ko kuka ba sa bari mutum ya gama," in ji Kofur.

Zuwa Laraba, labarin kaza ya riga jarumi isa ko'ina. Duk garin da ya shiga, masu gadi sai su ce, "Ga Makashin Kaza nan." Masu kanti suna rufe taga, wani mawaƙi a kasuwa har waƙa ya yi masa. Da na fassara waƙar, sunan ya fito daga talabijin ya shiga layinmu. Sarakunan ciki kuwa ba su da aikin ba shi sai aike: samo naman kaza goma, kai wa wane wasiƙa, nemo akuyar da ta ɓace.

"Wai wannan jarumi ne ko ɗan aike?" in ji Kofur.

"Haka manya suke farawa."

Da mutane suka dawo, masu son aski ma suka dawo, sai Na-Sani ya fito da tsari: zai yi aski lokacin lodi, ya yi yaƙi in hoto ya dawo. Wani malamin makaranta ne ya fara ɗanɗanawa. An aske masa gefen dama, hoto ya dawo, ya zauna minti arba'in da rabin kai yana kallon yadda ɓeraye uku suka kashe jarumi sau shida.

Ana cikin haka matar Na-Sani ta shigo da kular abinci. Ta dubi malamin, ta dubi talabijin, ta dubi mijinta.

"Maigida, wancan mai gemun da ɓera yake bi, kai ne?"

"Dabara ce. Janyo su nake yi."

"To sun janyu. Shi kuma bawan Allahn nan, sabon yayi ne, ko kilifa ce ta mutu?"

"Ke ba ki san harkar kasuwanci ba. Dubi shago ya cika!"

"Ko mota ta faɗa kwata ana cika," ta ce, ta dire kular ta fita.

Abin da ya ƙarasa lalata shi shi ne wasan ya fara ba shi gaskiya. Ashe ba a hana kowa zuwa ko'ina, in ka ga dama ka miƙe har dutsen dodo tun ranar farko. Masu tsaron hanya suna nan, amma jarumi mai maki ashirin a baki ba ya buƙatar takobi. Duk ƙofar da ya isa, sai zaɓin magana ya fito, Na-Sani ya danna ba tare da ya karanta ba, mai gadi ya sara masa ya buɗe. Wani ƙaton ɗan fashi har kuka ya yi ya ba shi takalmansa.

"Kofur, ina ƙarfin naka?" in ji Na-Sani yana juya rimot a yatsa. "Wata huɗu yarinyar nan ta yi!"

Ran Alhamis ya sa na ɗinka masa ƙyalle mai tsawon taku goma, aka rubuta da jan fenti: ASABAR DA HANTSI NA-SANI ZAI KASHE DODO. Ya rataya shi yana fuskantar shagon Mai Gilashi.

Asabar ta zo da jama'a. An cika shago, an cika baranda, wasu sun hau kan teburin yankana suna leƙe ta taga. Mai Gilashi da kansa ya rufe shagonsa ya tsaya a baya, hannu a aljihu. Jarumi yana bakin kogon dodo da ludayi a hannu. Na-Sani ya gama jawabi, ya danna shiga, 'yar ƙawanya ta fara juyawa.

Sai taro ya dare biyu, ana ta gaisuwa. Surukin Na-Sani ne, mahaifin matarsa, dattijo mai farin gemu har ƙirji wanda ya shekara ashirin yana tattalinsa. Bai san da wani dodo ba. Hoton fasfo zai ɗauka, ya biyo a daidaita masa gefen gemu.

Na-Sani ya durƙusa har ƙasa. "Barka da zuwa, Baba. Bismillah, ga kujera."

"Na ga kana da baƙi. In dawo?"

"Haba Baba, wane ni! Kafin abin nan ya gama juyawa mun gama."

Ya yafa masa mayafin aski, ya kunna kilifa da hannun dama, rimot yana hagu. A duk makon nan lodi bai taɓa yin ƙasa da minti uku ba. Ranar, ko rabin minti bai yi ba.

Dodo ya cika talabijin. Ko ni da na san zane ne sai da na ja da baya. Kowane ɓawon jikinsa yana sheƙi, hayaƙi na fita ta hancinsa, numfashinsa yana girgiza madubin shago. Wata mata a baranda ta yi salati. Dodo ya sunkuyo, ya dubi mai ludayi, ya fara magana. Rubutu ya fito, da zaɓi uku a ƙasa.

"Tsaya in karanta," na ce. "Na ɗaya ya ce..."

"Na sani!" Ya danna na uku.

Dodo ya ƙura wa mai ludayi ido. Sannan ya naɗe fukafukansa, ya kwantar da kai a ƙasa, ya buɗe baki a hankali. Kiɗa ya tashi. Jarumi ya taka ya shiga tsakanin haƙoransa.

"Ya miƙa wuya!" Na-Sani ya daka tsalle. "Ko bugu ɗaya ban yi ba! Da baki na kashe shi!"

Hannun dama ya yi tsallen tare da shi. Mun ji kilifa ta canja murya, amma idon kowa na kan talabijin, inda dogon rubutu ya fara hawa sama.

"Tela, karanta musu!" in ji Na-Sani. "Da ƙarfi, na tsallaken titi ma su ji!"

Karo na farko ke nan a mako guda da ya nemi in karanta. Na gyara murya.

"An ce, da haka Makashin Kaza ya yi amfani da zaƙin bakinsa ya roƙi dodo ya ɗauke shi aiki. Dodo ya amince. Ya shekara arba'in yana sakace wa dodo haƙora da ludayi. Masarauta ta ƙone ƙurmus. Ƙauyen kaza kaɗai dodo ya bari, don su ci gaba da rera waƙar. Ƙarshen wasa."

Sunayen waɗanda suka tsara wasan suka fara wucewa. Dariya ta taso daga baranda kamar ruwan sama a kan kwano, ta shigo shago, sai kuma ta mutu a layin gaba. Na gaba sun ga abin da na baya ba su gani ba.

Daga haɓar Baba har kunnensa na dama an share titi fes, mai faɗin yatsa uku. Rabin gemun shekara ashirin yana kwance a kan mayafi. Dattijo bai motsa ba. Madubi kawai yake kallo.

"Baba..." in ji Na-Sani. Kilifa tana ta kuka a hannunsa. "Baba, ai yanzu haka ake... wato a ƙasashen waje..."

Baba ya ɗaga hannu ya dakatar da shi. Sannan ya juyo gare ni.

"Tela, shekara nawa ka ce ya yi yana sakacen?"

"Arba'in, Baba."

"Sun yi masa sauƙi."

Ya miƙe da mayafin a wuyansa, ya tattara abin da ya zube na gemunsa a tafin hannu, ya fita. Mai Gilashi ya riga shi tsallaka titi, ya buɗe masa ƙofa har da russunawa. Taro ya bi bayansu kaf, har Mai Walda, har kyanwa. Kofur ne ya fita a ƙarshe. A bakin ƙofa ya tsaya ya shafa gashin bakinsa, kamar mai tabbatarwa yana nan.

"Kofur, kai ma?"

"Gudu ne rabin aikin," ya ce, ya tsallaka.

Kwana uku Na-Sani yana cin abincin kanti, don a gida an ce ya je dodo ya dafa masa. Da Nas ta dawo ta ji labari, ta zauna a kan bencin ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita ba ta ma san akwai wannan ƙarshen ba.

"Kun ji ko?" in ji Na-Sani. "Wata huɗu ba ta gano shi ba. Wasan ba laifi, akwai saje, akwai faɗuwar rana. Amma doki mahaukaci ne, kuma ba sa yi wa mutum bayani."

Ta cire wayoyinta ta tafi da na'urarta.

Ran Laraba Mai Gilashi ya tsallako da fara'a. Ya ce tunda ya buɗe shago bai taɓa ganin taro irin na Asabar ba, har ya sayi irin na'urar, amma duk wanda ya gwada sai ya riƙa cin nasara, mutane su yi hamma su watse. Ko Na-Sani zai riƙa zuwa yana buga musu? Sharaɗi ɗaya ne: ba zai taɓa kilifa ba.

Na-Sani ya leƙo shagona yana gyara wuyan riga. "Ka gani, Tela? Da ƙafarsa ya zo. Ya miƙa wuya."

Yanzu kullum yana can a kusurwa cikin sanyi, rimot a hannu, ɓeraye na binsa, jama'a na shewa. In ana lodi, sai a miƙa masa tsintsiya ya share gashi, don kada a zauna haka nan. Shi dai ya ce muƙaminsa mai ba da shawara.

Baba yana zuwa duk bayan mako biyu a daidaita masa ɗan abin da ya tsiro. Ya amsa gaisuwar kowa, ya dubi mai shara ta cikin madubi. Sai zai fita yake leƙowa shagona.

"Tela, saura nawa?"

"Talatin da tara da 'yan watanni, Baba."

"Madalla," ya ce. "Allah ya ba mu tsawon rai."